Shekarar da Na Yi wa Gauta Rumfar Atamfa

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya ba ni hankali, kuma har safiyar yau bai aiko a karɓa ba, duk abin da kuke faɗa wa juna a waya. Na san labarin da ke yawo a tsakaninku, ya kai har kunnen jikoki: wai akwai wata bazara da Mama ta rikice, ta kwashe dukiyarta ta shanya wa rana. Kun daɗe kuna ba da shi yadda ya yi muku daɗi. To yau ku ji shi daga bakin mai kayan, ni Binta uwarku, don ba na so in kwanta dama in bar ku da rabin magana.

Kun san na yi aiki a masaƙa a Kakuri tun da ƙuruciyata, a ɗakin da ake duba yadi kafin a naɗe. A lokacin ma sai da aka yi surutu a unguwarmu Makera, wai matar aure tana fita shif kamar namiji. Babanku, Allah ya jiƙansa, ya yi kunnen uwar shegu da su, ni kuwa ko a jikina. Duk Sallah ana ba ma'aikata damar ɗaukar turmin atamfa da sauƙi, ni kuma ba na bari ya wuce ni. In na kawo gida sai in shafa, in shinshina, in jefa kafur, in danna a adaka. Haka muka taso muka ga iyayenmu na yi, mace ba ta cika mace ba sai adakarta ta gagari ƙato ɗaya ɗagawa. Ba a ɗinkawa, ba a ɗaurawa. Ajiya ce saboda wata rana, ba kuma wadda ta taɓa gaya mini wace rana ce. Da masaƙa ta rufe na koma wani kamfani a Kudenda, ina ɗakin ajiya, har gwiwoyina suka ce sun gaji. Aka yi mana ɗan taro da lemon kwalba, aka tafa, aka ce mu je mu huta.

Ba wanda ya gaya mini hutu ma ciwo ne. Mutum ya saba jiniya ta kira shi, sai ga shi ya idar da sallar asuba ya zauna yana kallon bango. Babanku ya riga mu gidan gaskiya, ku kuma kun watse. Yayanku, wanda bakina bai saba kama sunansa ba tunda shi ne na fari, yana Abuja. Jamila tana tsallaken kogi a Kawo da mijinta. Auta ana can ana karatun da ba ya ƙarewa. Na gwada ɗinkin hula, ido ya ƙi. Na gwada kallon fim, da an zo wurin daɗi sai a ɗauke wuta. Islamiyyar tsofaffi kam ina zuwa har gobe, amma kafin rana ta yi zafi an tashi, sauran yinin ya tsaya mini a wuya.

Saratu ce ta cece ni, wadda kuke kira Maman Bitrus, ta unguwar Television. Shif ɗaya muka yi da ita a masaƙa, ita da cocinta ni da sallata, ba mu taɓa saɓawa ba sai a kan yawan barkonon fate. Wata rana ta zo ta same ni kwance a falo da rana tsaka, ta wuce bayan gida za ta kama ruwa, sai ta ga kangon da Babanku ya yi niyyar gina ɗakuna Allah bai nufa ba. Leda ce da fasassun bulo suka cika shi. Ta dawo ta tsaya a kaina riƙe da ƙugu.

"Binta, fili haka a bayanki kina kwance? You wan die for parlour? Tashi ki nemo fartanya."

Da ta sake zuwa, sai ta kwance bakin zanenta ta zuba mini wani ɗan iri a tafin hannu.

"Gautan ƙauyenmu ne," in ji ta, "ƙanana masu ɗaci, ba irin na kasuwa ba. Tsohuwata ce ke ajiye irin, ta rasu, shi ke nan abin da ya rage. Ni gidan haya nake, tsakar gida duk siminti. Ki raya mana shi."

Na share kango, na kwashe bulo da hannuna, na roƙi kashin kaji a wurin masu kiwo. Damina ta fari na shuka yakuwa da rama da kuɓewa, suka yi kyau har na raba wa maƙwabta. Gautan ne ban taɓa ba, na ce sai hannuna ya faɗa. Su gauta da attarugu ba a jiran ruwan sama da su, ana yayyafa irin ne tun cikin bazara, a yi ta reno, yadda ruwan fari zai same su sun isa dashe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ita ce bazarar da kuke magana. Kai, na ga zafi a Kaduna, amma na shekarar nan daban ne. Kwanon rufi yana ƙara shi kaɗai, fanka in an kawo wuta iskar murhu take hurowa, jikin kowa ya feso da ƙuraje. Rijiyarmu ta ja baya, guga na fitowa da laka, 'yan garuwa kuwa sai ka yi ta kira suna wucewa kamar ba su ji ba. Na koyi tattalin ruwa a tsufana. Alwala a cikin roba nake yi, ruwan wankin shinkafa ba na zubarwa, na ɗaurayar kwano ma in babu sabulu yana da wurin zuwa. Da asuba in bi kowane fangali in shayar da shi, tsirrai su miƙe da ganye bibbiyu, abin sha'awa. Amma kafin azahar duk sun kwanta sun yi laushi, wasu ba sa sake tashi. Na yi musu inuwa da buhu, rana ta ci buhun ya zama gari. Na sa kwali, iska ta kwashe. Na samo zana da ƙyar, awakin maƙwabta suka hauro suka yi kalaci da ita. Ina ji ina gani irin tsohuwar Saratu yana ƙarewa a hannuna, raina ya ɓaci ba kaɗan ba.

Ana cikin haka Hajiya Asabe ta layin bayanmu ta rasu. Kun san ta, mai adashen nan da ba ta taɓa ɗaura zane mai kyau ba sai na yau da gobe. Bayan an share makoki aka kira mu dattawan mata mu shaida buɗe adakarta. Da aka ɗaga murfi warin kafur ya bugi kowa. Turamen sama lafiya lau a ido, amma da aka warware na farko sai ya tsage a kan ninki, kamar an bi shi da reza. Na ƙasa kuwa gara ta shigo ta gindin adakar ta yi gida a ciki. A kan ragowar nan 'ya'yanta mata suka yi cacar baki a gabanmu, har da tone-tonen wa ta yi jinya wa ba ta yi ba. Baiwar Allah ta yi shekara da shekaru tana hana kanta, ga abin da ajiyar ta haifa. Na taso na dawo gida ina cewa a raina, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ga abin da ba ku faɗa in kuna ba da labarin. Kafin in taɓa ko turmi ɗaya sai da na kira Jamila ta zo, na buɗe mata adaka.

"Kwashi," na ce mata. "Ki ɗinka, ki ba Auta, ki ba matar Yayanki. Ku sa in gani da idona."

Ta ɗaga wannan ta ajiye, ta ɗaga wancan tana dariya.

"Haba Mama, wa ke sa irin wannan yanzu? Ai tsohon yayi ne. Ki dai ajiye mana. Amma koren nan mai tsuntsaye nawa ne fa, kada ki ba kowa."

Koren nan shekarar da na haife ta na ɗauko shi, tun tana 'yar mitsitsiya in na buɗe adaka take ɗora hannu a kai tana cewa nata ne.

"In ajiye miki zuwa yaushe?"

"Allah dai ya ja da ran Mama."

"Wato sai na mutu ke nan."

"Kai Mama, ke dai ba a raba ki da magana."

Ta shafa hodarta ta tafi. Wato daga adakata zai koma tata adakar, daga nan ya koma ta 'yarta, har gara ta gaji mu duka.

Washegari na aika aka kira Saratu. Muka kafa sanduna masu gwafa, muka ja igiya, na shiga ɗaki na fito da turmi na farko. Da ta ga abin da ke hannuna sai ta dafe ƙirji.

"Binta! Atamfa? Sabuwa dal?"

"Kama can ki ja, kafin rana ta ɗaga."

Ta dube ni, ta dubi tsirran da ke kwance, sai ta fashe da dariya ta kama. Da munanan na fara, waɗanda ni ma ban san abin da ya sa na saya ba. Muka ɗaure su sama da fangali daidai ƙugu, na yayyafa musu ruwa don iskar da ke bi ta ƙasa ta yi sanyi. Wallahi ranar ko ɗaya bai kwanta ba. Na tsuguna na leƙa ƙarƙashi da azahar, ga su tsaye cikin inuwa mai launi, ja da shuɗi na sauka a kan ganye. Daɗin da na ji ban ji irinsa ba tun ranar da aka ce mu je mu huta. Daga nan na yi ta fitowa da su ɗaya bayan ɗaya, bayan gida ya koma kamar rumfunan 'yan atamfa a kasuwa. Mata suna tattaka turmin daka suna leƙe ta katanga, ina jin su suna salati. Na ce ku leƙa da kyau, ba na kowa na ara ba.

Fangalin gauta shi ne na jikin katangar yamma, inda ranar la'asar ke dukansa ta gefe. Rufi ɗaya bai ishe shi ba, sai an saya masa labule. Na koma adaka, saura abu biyu: koren Jamila, da wani farin ƙunshi a can ƙasa. Kada wani ya ce muku mantuwa na yi. Na san na wace ce, na tsaya da shi a hannu har ƙafata ta yi sanyi. Sannan na ce, wanda aka ba ya ce a ajiye, da wanda zai mutu yau in bai samu ba, wa ya fi buƙata? Na fita na ɗaura shi.

Jirin da ya kwashe ni kuwa gaskiya ne, ban taɓa musu ba. Na sunkuya ina gyaran igiya, na ɗago da sauri, sai na gan ni zaune a ƙasa. Wane ne bai yi jiri ba a garin nan a bazarar nan? Direbobi ma suna yi. Amma maƙwabciyata, Allah ya shirye ta, kafin ta miƙo mini ruwa sai da ta ɗauki hoton rumfunan da waya ta tura wa Jamila, ta ƙara da cewa tana jin ina magana ni kaɗai a lambu. Ƙwarai ina magana. Da wa kuke so in yi? In na ce wa attarugu ya tashi ya daina lalaci, shi dai ba ya ce mini yana mitin zai kira anjima.

Ran Lahadi sai ga mota a ƙofar gida. Yayanku ne tun daga Abuja, da Jamila, da Baffanku Alhaji Sale, ƙanen Babanku, wanda suka ɗauko don ya yi musu nauyi. Ko zama Jamila ba ta yi ba ta zarce bayan gida. Sai muka ji salati da ƙarfi, ta dawo ta wuce ni ta shiga ɗakina, na ji tana jan jaka tana zuba kayana. Yayanku ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata, ya sassauta murya irin yadda ake yi wa marar lafiya.

"Mama, hutu kawai za ki je ki yi. Ki ga likita, ki zauna a ɗaki mai sanyi har zafin nan ya wuce."

Na san hutun. Na taɓa zuwa gidan nasa, tayil har bakin get, ko ciyawa ba ta da izinin fitowa. In na ɗauki tsintsiya a karɓe, in na nufi kicin a ce in zauna. Na kuma san in na shiga motar nan, kafin mu kai Abuja gauta ya fara kwanciya, kafin mako ya zagayo ya ƙone, ni kuma ba mai sake dawo da ni Makera sai dai ziyara. Gidan za a zuba 'yan haya, lambun a malale shi da siminti.

"Mama," ya sake cewa, yana satar kallon Baffanku, "yau wace rana ce?"

Ashe jarrabawa ake yi mini, a falona, ɗan da na yi wa tsarki.

"Ranar da aka zo satar tsohuwa da rana tsaka," na ce.

Baffanku ya danne dariya da tari. Da ma tsakanina da shi akwai wasa tun ina amarya, amma ranar ya sha mur, ya gyara babbar riga.

"Hajiya, a bar wasa. Abin nan almubazzaranci ne, kuma kin san hukuncinsa. Sutura mai daraja a shanya wa ganye? Mutane na magana."

"Alhaji, matarka na wurin da aka buɗe adakar Asabe, tambaye ta. Wanda ya ciyar da gara da wanda ya yi wa abinci inuwa, wane ne almubazzari? Da guminka aka saya, ko da na mutanen da ke maganar?"

"Ba a nan take ba, Hajiya. Yaran nan tsoro suke ji. Kin faɗi ke kaɗai a gida."

"Na faɗi na tashi. Da a ɗaki mai sanyi na faɗi, da sai a ce mene ne ya kayar da ni?"

Sai ga Jamila ta fito da jaka ta dire a tsakiyar falo, idanunta jajur.

"Yaya, ka daina biye mata. Mai hankali ba zai yi abin da ke bayan gidan nan ba. Mu tafi kawai."

Mai hankali. Kalmar nan ta shige ni har ƙashi. Na dafa kujera na miƙe, na shiga ɗaki. Adaka na nan a buɗe, wayam, sai farin ƙunshin nan a ƙasa. Na ɗauko shi na fito, na ɗora a kan jakar, na warware bakinsa yadda kowa zai gani. Farin alawayyo ne da na saya shekarar da na sauke farali, na tsoma a ruwan zamzam na shanya a can, da ɗan turarensa a ƙulle a gefe.

"Ba zan yi kokawa da ku ba," na ce, "ni na haife ku. In kun ce in shiga mota zan shiga. Amma ku haɗa da wannan, don kada ku sha wahalar nema a garin da ba ku san kasuwar likkafani ba, kuma ba za a daɗe ba za ku buƙace shi. Kun ce na shanya komai. Ga abin da ban shanya ba. Na san na rana, na san na rami. In wannan ne rikicewa, to Allah ya ƙara mini."

Yayanku ya ƙura wa farin yadin ido, ya cire hula ya riƙe. Baffanku ya yi ta jan carbi, can ya nisa.

"Ku mayar mata da jakarta ɗaki," in ji shi. "Wannan ta fi mu sanin inda ta dosa."

Yayanku da kansa ya naɗe likkafanin da hannu biyu ya miƙo mini. Ya roƙe ni abu biyu, in riƙa shan maganin hawan jini a kan kari, in kuma bar lambu daga hantsi har la'asar ta yi sanyi. Na ce na ji. Ba cin nasara ya yi ba, da ma tunda aka yi rumfa ba abin da zai fitar da ni da rana.

Jamila ce ba ta cikin falon. Na same ta a bayan gida, tsaye jikin katangar yamma, ta kama gefen koren tana murzawa. Rana ta riga ta fara shan launinsa, ga kashin tsuntsu na gaske a kan na zane.

"Tun ina yarinya nake cewa nawa ne," ta ce, ba ta juyo ba.

"Na ba ki, kin ƙi."

"Ban ƙi ba, Mama. So nake ran da na rasa ki in buɗe in ji ƙanshinki."

Maganar ta doke ni, ba zan ɓoye ba. Amma bakina bai saba ajiye abin da ke cikina ba.

"Ga ni da raina, Jamila. Kogi ɗaya ne tsakaninmu, kuma an yi masa gada. Mai son ƙanshina ya zo ya shinshina tun ina motsi."

Ta saki zanen, ta bi ta gefena ta fita, ko sallama babu. Na ji ƙarar ƙofar mota.

Abin da maganar nan ta jawo mini na sha shi, kuma ni kaɗai na sha. Damina guda Jamila ba ta taka gidan nan ba. In na kira, gaisuwa ce a tsaye, lafiya lau, sai anjima. Babbar Sallah ta zo, na soya nama na ajiye kason 'ya'yanta, har ya bushe ba wanda ya zo ɗauka. Na yi kuka, a nan bayan gida, inda maƙwabciya ba za ta ɗauki hoto ba. Amma in kuna jiran in ce na janye, ku nemi wurin zama. Ban faɗi ƙarya ba, kuma ita ma ta sani.

Ruwan fari ya sauka da wata la'asar, da iska da ƙanshin ƙasa. Na tsaya a ƙofar kicin ina kallon atamfofina suna shan duka, suna ɗigar da ruwa a kan tsirran da suka raya. Da ƙasa ta jiƙu muka yi dashe ni da Saratu, muka kwance rumfuna. Duk sun koɗe, wasu sun yage a wurin ɗauri. Saratu ta ɗauki biyu ta yi labule, na ba masu jego na layinmu na goyo, sauran na ninke don baɗi. Gauta kuwa ya yi 'ya'ya har rassa na taɓa ƙasa. Ran da na tsinki na fari na yi faten tsaki da yakuwa, Saratu ta kai cokali ɗaya baki, ta ajiye, ta rufe fuska da gyale.

"Mamana ke nan," ta ce. "Binta, kin dawo mini da mamana."

Da ta share ido sai ta ce barkono ya yi kaɗan, muka dasa musun da muka saba. Ita ce kuma ta ce in zuba a kula, ta ɗauka da kanta ta hau mota har Kawo, don ta san Jamila da fate ba a shiga tsakaninsu. Da yamma ta dawo da kular a wanke. Na tambaye ta me Jamila ta ce. Ta ce ba ta ce komai ba, ta dai cinye tas har da suɗe cokali, sannan ta shiga ɗaki ta fito da wannan. Sai Saratu ta miƙo mini malafa sabuwa, mai faɗi, irin ta masu noma. Ba saƙo, ba gaisuwa. Na ɗora a kan ɗankwalina, ta zauna daram. 'Yar nan ni ta biyo, shi ya sa muke wahala da juna.

Yanzu tana zuwa, ba kullum ba, kuma har yau in ta zo ba ta leƙa bayan gida. Na kuma ji har yanzu tana cewa Mama ta lalata muku kaya. Ba naku ba ne, nawa ne, a tsaye na same su a gaban inji, kuma sun yi aiki a idona, abin da na Asabe ba su samu ba. Irin gautan nan yanzu yana gida fiye da ɗaya a Makera da Television, duk wadda ta roƙa na ƙulla mata.

Saura magana ɗaya, ta Jamila ce, amma ku duka ku zama shaida. Koren yana nan. Na wanke shi, na ninke, ban sa kafur ba, yana cikin adaka a kan farin ƙunshin nan. Tsuntsayen sun dusashe, sai an ƙura ido ake ganin fukafukansu. Ran da za a yi mini wanka, da shi za a kare ni yayin wankan, ke za ki riƙe gefe. In an gama ki ɗauka, naki ne, da ma ban taɓa cewa ba naki ba ne. Ƙanshin da za ki ji a jiki na zufa ne da ƙasa da rana, kada ki wanke, shi ne nawa.

Amma kafin ranar kada wanda ya taɓa mini shi. Zafi ya fara, na yayyafa iri tun shekaranjiya, kuma katangar yamma ba ta daina cin rana ba.